WA ZAI ƊAUKI NAUYIN TSOFAFFINMU DA NAƘASASSUNMU?

Jawabi ga jama'ar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a kan kuɗin jinya da irin taimakon da ake iya samu



 Wanda ya iya karatu, in takardar nan ta zo hannunsa, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ne ko a bakin kasuwa, gama maganar da ke cikinta ta shafi kowane gida.

Lokacin zaɓe ya ƙarato. Za ku ji ana ta maganar hanya da rijiya da taki da makaranta, kuma lalle ana bukatarsu duka. Amma akwai wata magana da ba a cika hawa da ita kan dandamali ba, domin waɗanda ta shafa ba sa zuwa taro, ba sa bin mota, ba sa ɗaga tuta. Suna kwance cikin ɗaka. Watau tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da tsohuwar da idonta ya rufe, da magidancin da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da gurgu da makaho, da mai taɓin hankali wanda ya girma amma ba zai iya riƙe kansa ba. Tambayar da muka zo da ita yau ita ce: wa ke biyan kuɗin kula da mutanen nan, kuma wane taimako ne doka ta ce a ba su?

MAGANI DABAN, JINYA DABAN

Da farko dai mu raba abu biyu da ake haɗawa. Magani shi ne abin da likita ke yi: ya duba ka, ya yi maka allura, ya rubuta ƙwaya, ko ya yi maka aiki. Jinya kuwa ita ce abin da ke biyo baya in an komo gida: a ɗaga mutum, a kwantar da shi, a yi masa wanka, a ba shi abinci a baki, a kai shi bayan gida, a riƙa juya shi kada kwanciya ta fasa masa jiki ta zama gyambo. Magani yakan ƙare cikin kwana goma. Jinya takan kai shekara biyar, wani sa'i har goma. Gwamnati takan yi maganar magani. Jinya kuwa an bar wa gida ita kacokan, a cikin gidan ma an bar wa mata.

Ku ɗauki gida ɗaya, a Ɗanzomo ne ko a Medu ko a Jajeri, wanda maigidan ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye. Kuɗi iri uku ne za su fita daga gidan nan.

Na farko, kuɗin da ake gani da ido. Kuɗin mota zuwa babban asibitin Gumel. In an ce a wuce gaba, sai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga kuɗin mota na mutum uku, ga abincin masu jinya, ga kati, ga gwaji. In an komo, ga ƙwayar hawan jini ko ta ciwon suga wadda ba a dainawa, ga sabulu, ga ledar shimfiɗa, ga keken guragu in da hali, ga abinci mai laushi wanda mara lafiya zai iya haɗiyewa.

Na biyu, kuɗin da ba a gani. Uwargidan da ke tuyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli ta ajiye kasko, domin ba ta da damar barin ɗaki. Ɗan da kan tafi ci-rani Kano ko Legas ya aiko da na cefane, bana ya fasa tafiya. Yarinyar da ke aji biyar an ce ta dakata da makaranta tukuna ta taya uwa. Wannan tukunan, jama'a, kun san ba ta da ranar ƙarewa.

Na uku kuwa shi ne mai karya gida: sayar da jari. A fara da kaji, a koma kan akuya, sa'an nan ran Alhamis a kora san huɗa kasuwar Maigatari. A fasa rumbu tun damina ba ta faɗi ba. A ci bashi a kan riɗi ko zoɓo tun suna gona. Daga ƙarshe a jinginar da gonar kanta. Ciwon mutum ɗaya ya talauta mutum goma sha biyar, har ya bi jikokin da ba a haifa ba.

Wannan ba halin gida ɗaya ba ne. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Kuɗin jinyar gida ma ba ya cikin wannan lissafi, domin ba wanda ke rubuta shi.

SU WANE NE TSOFAFFIN NAN?

Wani zai ce ai haka muka gada, iyali ke riƙe tsohonsu. Gaskiya ne, kuma ba mu zo mu rushe wannan ba. Ba mai hankalin da zai so a kwashi iyayenmu a tara su a wani gida nesa da jikokinsu. Amma ku tuna, a da akwai gandu. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, in mutum ɗaya ya kwanta akwai hannu goma da za su ɗauke shi. Yau gandu ya watse a yawancin gidaje, gonaki sun rarrabu wajen gado har sun zama ƙanana, ƙasa ta gaji, samari sun bazu neman abinci. Nauyin da mutum goma ke ɗauka a da, yau mace ɗaya ke ɗauke da shi. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Kuma ku dubi ko su wane ne ke kwancen. Dattijon da ke da shekara tamanin yau, saurayi ne a zamanin gyaɗa. Shi ya noma gyaɗar da aka loda a jirgin ƙasa a tashar Gagarawa aka kai Kano aka yi dala da ita, hukumar ciniki ta yanka masa farashin da ta ga dama, rarar ta tafi ga gina makarantu da asibitoci da ofisoshi. Shi ya biya haraji, makiyayi ya biya jangali, shekara da shekaru, har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano, lokacin muna cikinta. Shi ya sha farin 1973, ya sha na 1984, bai gudu ya bar ƙasar nan ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, da guminsa aka kafa ta.

To, ina fanshonsa? Ma'aikacin gwamnati in ya yi shekarunsa ya huta, yana da fansho, kuma haƙƙinsa ne, ba ma yi masa hassada. Jihohi da dama a ƙasar nan har doka suka yi ta fansho ga tsofaffin gwamnoni, waɗanda shekara huɗu ko takwas kawai suka yi a kan kujera. Amma manomin da ya yi shekara sittin yana ciyar da ƙasa, ran da fartanya ta faɗi daga hannunsa, ran nan samunsa ya tsaya cak. Wannan ba adalci ba ne. Abin da muke nema wa dattijon nan ba sadaka ba ce, bashi ne da yake bin ƙasa.

ABIN DA DOKA TA CE

Kada wani ya ce muku wannan magana mafarki ce ko ƙirƙirar 'yan siyasa. Tana cikin Tsarin Mulki. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati ta shirya manufofinta yadda za a kula da tsofaffi, a ba su fansho, a taimaki marasa lafiya, a kyautata wa naƙasassu. Sai dai akwai ƙulli: sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Ma'ana, alƙali ba zai ƙwato muku shi ba. Kotun da za ta ƙwato shi ita ce akwatin zaɓe.

Har ila yau, Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin, inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya sa kula da gajiyayyu da marasa galihu cikin aikinsu, a layi ɗaya da kula da maƙabarta. Kun ga ke nan ƙaramar hukuma ba ta da bakin cewa ba ruwanta.

Bayan wannan akwai dokoki na Tarayya. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko. Akwai dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu cikin Janairu 2019. Ta ce a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, a fara sallamarsu in ana layi, a kuma yi wa mai lalurar ƙwaƙwalwa magani kyauta a asibitin gwamnati. Sa'an nan akwai dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta tanadi asusu na musamman domin masu rauni, ta kuma ambaci tsofaffi da naƙasassu da matalauta a cikinsu.

Dokoki kam ga su nan. Amma doka a takarda kamar hatsi ne a rumbun da aka kulle: yana nan, mai yunwa kuwa yana kwana da yunwarsa.

TAIMAKON DA KE AKWAI, DA IYAKARSA

Yanzu bari mu faɗa muku ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa, domin wani taimakon yana wuce mutum ne kawai don bai san da shi ba.

Ƙofa ta farko, alawus ɗin naƙasassu na Jiha. Cikin 2007 gwamnatin Sule Lamido ta kawo dokar biyan naƙasassu Naira 7,000 kowane wata, domin a raba su da bara. A faɗi gaskiya komai ɗacinta ko daɗinta: abu ne mai kyau, kuma ya sa sunan Jigawa ya fita a ƙasar nan. Amma ku yi lissafi. A wancan lokaci mafi ƙarancin albashi bisa dokar ƙasa Naira 5,500 ne, watau alawus ɗin gurgu ya ɗara shi. Albashin nan ya koma 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. Naira 7,000 yau kashi ɗaya cikin goma ne na mafi ƙarancin albashi. Ko a ce 10,000 ne, kashi ɗaya cikin bakwai ke nan. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo. Ga shi kuma adadin waɗanda ake ɗauka a kowace ƙaramar hukuma ƙayyadadde ne, masu jira sun fi waɗanda ke ciki.

Ƙofa ta biyu, tallafin tsofaffi na Jiha. Gwamnatin Umar Namadi, wadda ta hau a 2023, ta ɓullo da biyan wani abu wata-wata ga wasu tsofaffi da aka zaɓo daga mazaɓu 287 na Jihar. Mun yaba da buɗe ƙofar. Amma ku ƙirga tsofaffin unguwarku kaɗai, ku ga nawa ne suka shiga. In an ce mutum kaɗan za a ɗauka daga mazaɓa mai ƙauyuka da yawa, to, wa zai zaɓa? Nan ne son kai da siyasa ke samun wurin shiga.

Ƙofa ta uku, asusun lafiya. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jiha, wadda ake kira JICHMA, ita ke rajistar masu rauni a ƙarƙashin asusun nan na matakin farko. Wanda sunansa ya shiga, ana duba shi a ba shi magungunan da aka lissafa ba tare da ya biya ba, a asibitin mazaɓar da aka ɗaura shi a kai. Ku je wurin shugaban asibitin mazaɓarku ku tambaya ko ana rajista, ku kuma tambayi kwamitin ci gaban mazaɓa. Amma ku sani wannan kuɗin magani ne, ba ya biyan mai jinya, ba ya biyan mota.

Ƙofa ta huɗu, tallafin Gwamnatin Tarayya. A zamanin Shugaba Buhari an riƙa ba gidaje matalauta Naira 5,000 a wata, har aka sa kuɗin Abacha da aka maido daga Suwizalan, dala miliyan 322, a cikin shirin. Cikin Oktoba 2023 aka ƙaddamar da wani na Naira 25,000 a wata har wata uku. Duka biyun daga rajistar matalauta ta ƙasa ake ɗauko sunaye, kuma ƙa'idar rajistar ita ce jama'ar gari su taru su nuna gidajen da suka fi bukata, sa'an nan ma'aikata su bi su rubuta. Wannan tallafi na gida ne, ba na tsoho shi kaɗai ba, kuma yakan zo ya ɗauke kamar ruwan bazara. Ba a gina jinyar shekara biyar a kan kuɗin wata uku.

Ƙofa ta biyar, fansho. Ma'aikatan Jiha da na ƙananan hukumomi suna da asusun fansho na karo-karo, wanda Jigawa ta kafa tun farkon shekarun 2000. Ga mai sana'ar kansa kuwa, tela ko direba ko mahauci ko dillalin shanu, tun 2019 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta buɗe hanyar da zai riƙa ajiye kaɗan-kaɗan domin tsufansa. Samari, wannan taku ce. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Ƙofa ta shida, zakka da waƙafi. Wannan ta riga duk sauran. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ake fitarwa. Na ban-ruwa ɗaya cikin ashirin. Shanu in sun kai 30, awaki da tumaki in sun kai 40, raƙuma in sun kai 5, akwai haƙƙi a kansu. Faƙirai da miskinai su ne farkon waɗanda aka ambata cikin masu karɓa. Ku dubi dabbobin da ke shiga Maigatari kowane mako, ku dubi buhunan riɗi da gero da ke fita daga ƙasar nan da kaka. Da ana fitar da haƙƙin nan yadda ya kamata, a tara shi ta hannun kwamitin zakka na masarauta da dagatai da limamai, a fara da na kwance, da ba tsohuwar da za ta kwana da yunwa a Galagamma ko Zarada. Malamai sun ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya yanka masa abin ci daga baitulmali, domin bai ga dacewar a karɓi harajin mutum yana saurayi a yar da shi ya tsufa ba. Kun ga ke nan maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ƙofa ta bakwai, 'ya'ya. A Shari'a, ɗan da ke da hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa in ba su da shi, kuma alƙali yana iya tilasta shi. Taimakon gwamnati ba ya sauke wannan nauyi. Tallafa wa mai ɗauka ne, ba karɓe masa kaya ba.

Sai gargaɗi guda uku. Shiga kowane ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan ba a biyan ko kwabo; wanda ya ce ku kawo na goro a sa sunan tsohonku, ɓarawo ne. Ku yi wa tsofaffinku rajistar katin ɗan ƙasa su sami lambar NIN tun suna iya fita, domin yanzu da wuya a biya mutum ba da ita ba. Kuma kada tsoho ya bar katinsa na banki da lambar sirri a hannun mai POS ko wani ɗan unguwa. A sami amintacce ɗaya cikin iyali, a kuma riƙa nuna wa tsohon kuɗinsa a hannunsa.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Masu cewa ba zai yiwu ba su kan ce wannan aikin ƙasashen Turawa ne masu arziki. To, su Turawan ma suna fama. A Ingila, wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biyan kuɗin gidan jinya da kansa, har wasu kan sayar da gidajensu. Jamus ta ga haka ta kafa inshorar jinya ta dole a 1995, Japan ta bi sahu a 2000, inda kowa daga shekara 40 yake zuba wani abu. Darasin shi ne, ko mai arziki bai iya ɗaukar jinya shi kaɗai, sai an yi karo-karo.

Amma mu dubi na kusa da mu. Lesotho, ƙaramar ƙasa ce matalauciya, ta fara biyan fansho ga masu shekara 70 zuwa sama a 2004. Zanzibar, tsibirin da yawancin mutanensa Musulmi ne, manoma da masunta, ta fara nata a 2016. Kenya ta shimfiɗa nata ga masu shekara 70 a 2018. A nan gida ma, Jihar Ekiti ta taɓa biyan tsofaffi Naira 5,000 a wata daga 2011. Abin lura a tsarin Lesotho da Zanzibar shi ne shekaru ne ma'auni. Ba sai kansila ya san ka ba, ba sai an tambayi jam'iyyar da ɗanka yake yi ba. Ka kai shekarun, ka shiga. Wannan shi ke kashe rigimar jerin sunaye.

ABIN DA MUKA TSAYA A KAI

Ga abin da 'yan takararmu za su yi aiki a kai, kowa gwargwadon kujerar da yake nema. Ku ajiye takardar nan, ku riƙe mu da ita.

Ɗaya. A ɗaure alawus ɗin naƙasassu da na tsofaffi da mafi ƙarancin albashi a cikin doka, yadda duk ran da albashi ya tashi, shi ma ya tashi, ba sai an jira jinƙan wani gwamna ba.

Biyu. A bar tsarin ƙayyade adadi a koma tsarin ma'auni. A fara da mafiya tsufa da waɗanda ba sa iya tashi, a riƙa sauko da shekarun sannu a hankali gwargwadon ƙarfin baitulmali.

Uku. A karanta sunayen masu karɓa a bainar jama'a a ƙofar dagaci, a manna su a asibitin mazaɓa, a riƙa sabunta su kowace shekara, domin kada a ci gaba da karɓar kuɗi da sunan wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Huɗu. A san da zaman mai jinya. Matar da ta ajiye sana'arta domin kula da na kwance a ba ta ɗan alawus, a kuma koya mata yadda ake ɗagawa da juyawa da wanke gyambo, domin ta tsare lafiyarsa ta tsare bayanta.

Biyar. Kowane asibitin mazaɓa ya sami ma'aikacin lafiya da babur, mai zagaya gidajen na kwance aƙalla sau ɗaya a wata, ya auna jini, ya kai ƙwaya. Tafiyar ma'aikaci ɗaya zuwa Jeke ko Galadi ta fi sauƙi a kan ɗauko marasa lafiya ashirin zuwa Gumel.

Shida. Kowace ƙaramar hukuma ta ajiye kekunan guragu da sanduna da katifu na aro, in mai shi ya warke ko ya cika a maido wani ya amfana.

Bakwai. A Majalisar Tarayya, wakilinku ya tsaya a kan a saki kuɗin asusun masu rauni da dokar 2022 ta tanada, ya kuma riƙa zuwa yana faɗa muku nawa ya iso Jigawa.

INA KUƊIN ZAI FITO?

Tambaya ce mai kyau, kuma duk ɗan takarar da ya kasa amsa ta, romon baka yake yi muku. Ku yi lissafi da mu. In ƙaramar hukuma ɗaya ta ɗauki mutum 1,000, ta ba kowa Naira 10,000 a wata, Naira miliyan 10 ke nan a wata, miliyan 120 a shekara. Ƙananan hukumomin nan huɗu gaba ɗaya, miliyan 40 a wata. Alhali kason da ake rubuta wa kowace ɗaya daga cikinsu daga asusun Tarayya ɗaruruwan miliyoyi ne a kowane wata. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Saboda haka ku tambayi shugabanninku: nawa ya shigo, nawa aka ware wa gajiyayyu? In Jiha ta kawo rabi, ƙaramar hukuma ta kawo rabi, zakka da waƙafi suka cike giɓin abinci, nauyin ba zai karya kowa ba.

Kuma kuɗin nan ba ɓata yake yi ba. Tsohuwa in ta karɓi alawus ba Dubai za ta kai shi ba. Gero za ta saya a kasuwar garinku, da man gyaɗa, da sabulu, ta ba jika kuɗin littafi. Kuɗin a cikinku zai yi ta zagayawa. Sa ɗaya da aka fasa sayarwa, gona ɗaya da aka fasa jinginarwa, yarinya ɗaya da ta zauna a aji, duk riba ce ga ƙasa.

RANAR ZAƁE

Jama'a, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, namu ne ko na wasu, ku yi masa tambaya uku. Nawa za ka ba tsoho da naƙasasshe a wata? Wa zai zaɓi masu karɓa, kuma a gaban wa? Daga wane asusu kuɗin zai fito? In ya amsa, ku sa a rubuta a gaban shaidu. In ya kauce ya miƙo muku atamfa da taliya da sabulu, ku tuna sabulun nan ba zai kai mako biyu ba, kujerar kuwa shekara huɗu ce.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa sanin zafin wannan magana, ku ne kuma kuka fi cika layi ran zaɓe. Ku nemi katinku tun yanzu. Ku yi wa juna karo-karon zama da marasa lafiya ran nan, wannan ta je ta dawo, waccan ta tafi. Samari masu babura, ku ɗauko dattawan da ke iya fita ku kai su rumfa. Ƙa'idar zaɓe ta ce a fara sallamar tsofaffi da naƙasassu da masu juna biyu, ba sai sun bi dogon layi ba. Bayan an kaɗa, ku tsaya cikin lumana a ƙirga a gabanku.

Wanda bai mutu da ƙuruciya ba, tsufa na jiransa. Tabarmar da muka shimfiɗa wa iyayenmu yau, a kanta 'ya'yanmu za su kwantar da mu gobe. Ku fito ku zaɓi waɗanda suka yarda a rubuta alkawarinsu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka da zaɓe cikin kwanciyar hankali. Amin.